Hular Adafta da Ƙwan Kwamanda

Ina so a rubuta a ajiye, ko don jikoki: an ci amanata a cikin gidana, kuma har yau babu wanda ya ba ni haƙuri. Wai ni ma ake jira in bayar.

Shekara ashirin da biyu ina gyaran kayan wuta a layinmu. Fanka, tocila, dutsen guga, rediyo, babu wanda bai ratsa ta hannuna ba. Wasu sun tashi. Wasu kuma dama kwanansu ya ƙare, a hannuna kawai ajali ya riske su. A saman ƙofar shagona an rubuta INJINIYA da jan fenti. 'Yan baƙin ciki suna cewa ni na rubuta da kaina. To da wa zai rubuta? Akwai wanda ya fi ni sanin kaina ne?

Surukata, Inna, tana zaune a ƙarshen layin. Marigayi mijinta ya bar mata wani irin kaji, manya-manya, masu gashi har ƙafa, shekara talatin ana riƙe da irin. Zakaransu na ƙarshe, wanda ake kira Kwamanda, tsufa ya kashe shi a watan jiya. Abin da ya bari a duniya ƙwai ashirin da huɗu ne, suna cikin wani ɗan injin ƙyanƙyasa a ɗakin ajiyar Inna. In sun fashe, iri ya ci gaba. In ba su fashe ba, kajin marigayi Baba sun ƙare ke nan har abada. Inna kan leƙa injin nan sau goma a wuni, har ina kwana take yi musu.

Saura kwana uku su fashe, muka je gaishe ta ni da matata. Muka tarar da Auta, ƙanwar matata, wadda ke koyar da aikin lantarki a makarantar koyon sana'a. Tana da takardu, ban musa ba. Ni kuma ina da basira, wadda ba a bayarwa a aji.

Inna ta ce, "Ni lambar nan ta gaban injin ce ke damuna. Yanzu ta ce 37.4, an jima ta ce 37.6. Ta ƙi tsayawa wuri ɗaya."

Auta ta ce, "Inna, rawar nan ita ce lafiyarsa. Hita ce ke kamawa tana saki. Abin da ya rage kawai a gaya masa ya daina juya ƙwan, tunda sun kusa fita. Maɓallinsa ya mutu, sai dai ta kwamfuta, ita kuma na baro ta a makaranta. Ƙarfe huɗu zan dawo da ita."

Ta zaro wani ɗan abu daga jaka, bai fi babban yatsa ba. Ta ce adafta ce: kai ɗaya a soka a kwamfuta, a ramin da ake sa filash, ɗaya kan kuma a ja wayoyi zuwa ƙwaƙwalwar injin, su yi magana.

Na ce, "Mu gani."

Ta miƙo mini, abin da ta ce har yau tana nadamarsa.

"Ka ga 'yan ƙusoshin nan uku a jere, Yaya? Ka ga 'yar hular nan rawaya? In ta rufe na tsakiya da na hagu, wutar da adafta ke magana da ita uku da ɗigo uku ce. In ta rufe na tsakiya da na dama, biyar. Ƙwaƙwalwar injin Inna uku da ɗigo uku take ɗauka. Ka ba ta biyar, ka kashe ta."

Na ce, "Auta, tun kina rarrafe nake wasa da wuta."

"Na sani. Shi ya sa girarka ta hagu ba ta da gashi."

Na jefa adafta a aljihu, na ce ta tafi makarantarta hankali kwance, ni ma ina da kwamfuta. Ina da ita kuwa. Wani ya kawo gyara shekara huɗu da suka wuce, kuma ina nan ina nazarinta.

"Yaya, ba ni kayana."

Matata ta ce, "Maigida, don Allah ka ba ta."

Na dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Ku bar shi. Babba ne."

Kun ji fa. Da bakinta.

Auta ta cusa mini wata takarda, wai bayanin adafta ne, in karanta ko layin farko. Na karɓa don kada ta ji kunya. Da na isa shago na ɗaga murfin tsohon akwatin katakon da nake zama a kai, na jefa ta ciki. Nan nake tara duk takardun bayanin da ke zuwa da kaya. Ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Mai karanta irin takardun nan bai yarda da kansa ba ne.

Aiki irin wannan ba a yin sa da kayan gida. Na shiga ciki na sa farar rigata ta aiki, na jera biro huɗu a aljihu, na shafa wa gashin baki baƙin rini, na ɗora tabarau. Idona garau yake, gilashin ma na taga ne, amma yana ƙara wa fuska ilimi. Duk wannan bai fi minti arba'in ba. Sannan na biya na ɗauki shaidu biyu, Tela da Mai Aski, don tarihi ba ya son a yi shi a ɓoye.

A hanya muka yi kiciɓis da matata, ta rungumo wani baho an lulluɓe shi da bargo, tana tafe a hankali kamar mai taka ƙaya. Auta na biye da ita riƙe da fitila da guntuwar waya.

Na ce, "Wannan fa?"

"Wanki ne."

"Ke kuma ba makaranta za ki ba?"

Auta ta ce, "Hanyar ɗaya ce."

Ban kawo komai a raina ba. Mai tsarkin zuciya haka yake.

A ɗakin ajiya na baje kaya. Na ɗaga adafta sama yadda shaidu za su gani, na ce, "Jama'a, wai jinin Kwamanda za a ba wa uku. Uku fa! Har da wani ɗigo, kamar ana auna maganin tari. Zakaran da ya kori kare daga layin nan? Biyar za su sha."

Tela ya ce, "Amma yarinyar nan ta ce..."

"Tela, in aka ce ka zaɓi yadi uku ko yadi biyar?"

"Biyar."

"To rufe mini baki."

Na kama hular da farce, ta ƙi. Na sa filaya, ta yi mata girma. Sai na sa haƙori, ta fito salin-alin. Ina riƙe da ita a leɓe, ina ci gaba da yi musu bayanin yadda wuta ke tafiya a cikin waya, sai Mai Aski, don jin daɗin ilimi, ya ɗaka mini duka a baya ya ce, "Kai, Injiniya, Allah ya bar mana kai!"

Ƙwat.



Tela ya ce, "Ina hular?"

Na nuna maƙogwaro, sannan na nuna ƙasa da shi kaɗan.

"To yanzu kai a kan nawa kake, uku ko biyar?"

Inna ta leƙo da kofi, ta ce, "Sha ruwa, baban yara."

Tela ya tare ta da hannu biyu. "Inna, a'a! Wuta da ruwa? So kike ya tashi da mu?"

Mai Aski ya kafa kunne a cikina, ya saurara, ya ɗago ya ce bai ji komai ba tukuna, amma a ba shi lokaci.

Ƙaramin ma'aikaci a nan zai tsaya. Ni na ce hula ai ado ce, abin da ake bukata ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Tela ya ciro fil daga wuyan rigarsa. Muka sa, ya zame, ya soke ni. Mai Aski ya karyo gefen reza. Muka sa, ta yanke shi. Daga nan na feɗe wata tsohuwar waya, na zaro silin jan ƙarfe, na fara naɗawa. Ƙusoshin nan ƙanana ne kamar haƙoran tsefe, ga gumi ya rufe tabarau. Da na ɗago, sai na ga silin ya ɗaure duka ukun tamau.

Mai Aski ya ce, "Ba biyu aka ce ba?"

Na ce, "Aka ce wa ɗalibai. Uku da ɗigo uku, a tara da biyar, nawa ke nan?"

Tela ya warware tef ɗin awonsa, ya dafa nan, ya dafa can, ya ce, "Takwas da ɗigo uku."

"Ko masu ƙera abin ba su san yana kaiwa nan ba."

Na haɗa wayoyi, na soka a kwamfuta, na shiga danna maɓallai da sauri da yatsu goma. Aka ji ɗan ƙit. Wani wari ya taso, irin na dutsen guga in an manta shi a kan riga. Adafta ta yi zafi har na sake ta. Lambar gaban injin ta ɗauke, ta dawo, ta ƙifta sau biyu, sannan ta tsaya: 37.5.

Muka zuba mata ido. Minti ɗaya. Minti biyar. Ko motsi. Farantin da ke juya ƙwai ma ya tsaya cak.

Na ce, "Inna, zo ki gani. Kin ce lamba na rawa, na tsayar da ita. Auta ta ce a daina juya ƙwai, na tsayar da shi. Aiki biyu, kuma ko huɗu ba ta yi ba."

Inna ta dubi injin, ta dube ni, ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka."

Na zagaye ƙofar injin da salatif, na rubuta KADA A BUƊE, na sa hannu.

Ƙarfe huɗu Auta ta dawo. Ta shinshina iska, ta dafa gefen injin, ta janye hannu da sauri, ta duba silin da na naɗa, ta daɗe tana kallonsa. Ta juya ta fita. Hassada takan ɗaure harshe.

A kwana ukun nan martabata ta dawo a gida. Matata, wadda rabonta da share shagona tun muna amarci, sai ga ta da tsintsiya sau huɗu a wuni. "Maigida, ɗan fita ka miƙe ƙafa, ƙura za ta ɓata maka riga." In fita, in dawo, in tarar da ƙurar tana nan, amma ai niyya ake dubawa. Na ga wata waya ta bi bango ta shige bayan akwatina, ta ce maganin ɓeraye ne na zamani. Na ce na san shi.

Sai kuma jikina ya fara canzawa. Duk lokacin da na zauna, sai in ji wani ɗumi yana tasowa daga ƙasa, mai daɗi, har cinya. Na gane hular ce ta fara aiki. Na gaya wa Tela a asirce. Kafin azahar mutum uku sun kawo wayoyinsu a sa musu a aljihuna su yi caji. Ɗaya ya rantse tasa ta ƙaru da layi guda.

A gidan Inna kuwa, ɗakin ajiya ya zama wani abu. Kyandir ɗin da ke kan taga ya sunkuya. Kyanwar da ke kwana a kan injin ta tattara ta koma maƙwabta. Inna ta daina shanya a waje, sai ta rataya wanki a ɗakin, kafin ta juya ya bushe. Na leƙa, lamba tana nan daram, 37.5.

Mai Aski ya ce, "Injiniya, anya zafin nan bai yi yawa ba?"

"Kai ka fi lamba sani? Karanta."

"37.5."

"To gumin da kake yi naka ne."

Rana ta uku da safe na fara jin wata tsuwwa a shago. Tsui. Tsui-tsui. Na ce fanka ce. Na sa mata mai, ba ta daina ba. Na kwance ta gaba ɗaya, na baje ta a ƙasa, tsuwwa sai ƙaruwa. Na koma na zauna in yi tunani, sai na ji abin daga ƙarƙashina yake fitowa. Na aika aka kira Mai Aski. Ya durƙusa ya saurara, ya ce, "Wallahi daga wajenka ne. Kuma ba ɗaya ba ne." Na ce ya rufa mini asiri har a gama taro.

Don na kira taro. Da la'asar tsakar gidan Inna ta cika: Mai Kanti, Mai Wanki, Direba da matansa da 'ya'yansa, har da wasu da ban sani ba, sun ji ana cewa za a ga 'yan tsakin takwas da ɗigo uku. Tela da Mai Aski suka ɗauko injin da tsumma, suna hura hannu. Inna ta zauna a kujerarta ta naɗe hannu. Na tsaya a gaba cikin farar riga, na yi jawabi gajere, bai fi rabin sa'a ba, a kan masu takarda da masu basira. Na ce kowa ya ja baya, domin abin da zai fito ba lallai ya san girman mutane ba.

Tela ya miƙo almakashi. Na yanke salatif. Na buɗe.

Wani tururi ya daki fuskata. Tabarau ya rufe. Na ji rinin gashin bakina yana gangarowa ta gefen baki zuwa farar riga. Da hayaƙin ya lafa, ga ƙwai nan a jere, ashirin da huɗu, sun yi ja-ja-ja, ko ɗaya bai motsa ba.

Na ce, "Barci suke."

Na ƙwanƙwasa ɗaya da biro. Ya amsa kamar dutse.

Mai Aski ya ɗauka, ya yi ta jefa shi daga hannu zuwa hannu, ya buga a goshin Tela, ya ɓare. Ya duba ciki, ya gutsura, ya tauna.

"Akwai gishiri?"

Wani yaro ya fara dariya, uwarsa ta toshe masa baki. Auta ta ce, "Ba a tara su, Yaya. Biyar ka tura gidan uku, ƙwaƙwalwar ta mutu da lamba a bakinta, hita kuma ta kama ba mai ce mata saki."

Ban ji ta sosai ba. Inna nake kallo. Na tuna Baba yana tsugune da safe yana watsa wa kajin nan hatsi, yana kiran kowace da sunanta.  

Sai Mai Kanti ya matso, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya juya shi.

"Kai! Wannan ai nawa ne. Ga ɗigon shuɗin biro da nake yi musu. Matarka ce ta zo a guje shekaranjiya waccan ta ɗauki ashirin da huɗu, ta ce in zaɓo masu girma."

Inna ta ce, "Ku ɗauko musu."

Matata da Auta suka fita. Jim kaɗan sai ga su suna rangaji da akwatina. Akwatina na zama! Suka dire shi a tsakiyar taro, suka ɗaga murfi. Ga fitila a rataye, ga ɗan kwanon ruwa, ga ma'aunin zafi. A kan takardun da na tara shekara ashirin da biyu kuwa, 'yan tsaki ne ke tattaki, ashirin da ɗaya, kowanne da gashi har ƙafa.

Inna ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta kara shi a kumatu, ta ce, "Ina wuni, Kwamanda."

Tsakar gida ta kaure. Ni kuwa sai a lokacin raina ya ɓaci.

Na ce, "Wato tun kafin in taɓa injin kuka kwashe su?"

Matata ta ce, "Tun kana shafa rini."

"Ba ku ma jira kun ga ko zan yi kuskure ba?"

"Maigida, shekara nawa muke tare?"

"Inna, ke da kika ce a bar ni, babba ne?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai babba ne. Ba zan hana surukina abu a gaban yara ba. Inji ana samun wani. Ƙwan ne babu."

"To duk faɗin gidan nan, me ya sa sai akwatina?"

Auta ta ce, "Mun nemi inda muka tabbata ba za ka taɓa buɗewa ba."

Ta sunkuya ta zaro takardar da ta ba ni, tana nan a ninke yadda na jefa ta. Wani ɗan tsako ya riga ya sa mata hannu, daidai gefen inda aka rubuta 3.3 da manyan baƙaƙe.

Tela, wanda yake ta lissafi da yatsu, ya ɗago ya ce, "Tsaya. Kwana uku kana zaune a kan akwatin nan?"

Na ce, "Sai aka yi yaya?"

"Jama'a, ashe Injiniya kwanci yake yi!"

Direba ya faɗo daga benci. Mai Wanki ta riƙe ciki tana neman a taimake ta. Mai Aski, da baki cike da ƙwai na uku, ya rantse shi ya fara jin bugun zuciyarsu.

Abin da ya ƙarasa ni, da aka sauke 'yan tsakin ƙasa, ba su nufi Inna ba, ba su nufi Auta mai takardu ba. Muryar da suka sha ji ta saman murfi kwana uku suka bi. Na matsa hagu, suka matsa. Na nufi ƙofa, suka jeru a bayana su ashirin da ɗaya. Haka na ratsa layinmu, da baƙin rini har ƙirji, ana leƙowa ta tagogi.

Yanzu kullum da safe sai Inna ta aiko a ce in je in yi musu magana, wai ba sa cin abinci sai sun ji ni. Wani marar kunya kuma ya bi allon shagona, ya ƙara UWAR KAJI a ƙarƙashin INJINIYA. Ban goge ba, don rubutun ya yi kyau, kuma a gaya mini kazar da ta taɓa fitar da ashirin da ɗaya cikin ashirin da huɗu a zama ɗaya.

Hular dai har yau ba ta fito ba. Na tambayi Auta ko akwai haɗari. Ta ce babu, muddin ina kwanciya ta gefen hagu.